Tashar Jirgin Ƙasa ta Bur Sudan da Tarihinta



Laccar yau a kan tashar jirgin ƙasa ce guda ɗaya, watau wadda ke Bur Sudan, a bakin Bahar Maliya, gabashin ƙasar Sudan. Turawan Ingila su suka raɗa wa garin suna Port Sudan, mutanen ƙasar kuwa su kan ce Bur Sudan, da wannan sunan za a ci gaba da kiransa. Mai sauraro yana iya cewa, me ke cikin tasha har da za a tara jama'a a kanta, wurin yankan tikiti da jiran jirgi? To, tasha iri biyu ce. Akwai wadda a kan kai wa gari domin garin ya riga ya kafu ya yi kasuwa, kamar yadda dogo ya iske Kano a 1911. Akwai kuma wadda ita ce ke riga gari zuwa, a kafa ta a fili, sa'an nan mutane su biyo ta. Ta Bur Sudan irin ta biyun ce. Kafuwarta ta haifi birni a inda babu kowa, ta kuma kashe wani tsohon birni da ke kimanin kilomita 60 kudu da ita.

Wannan tsohon birni shi ne Sawakin, ba a kuwa gane labarin tashar sai an fara da shi. Sawakin ɗan tsibiri ne a ƙuryar wani siririn mashigin ruwa. Gidajensa benaye ne, hawa biyu ko uku, an gina su da irin dutsen nan fari da a ke haƙowa daga cikin teku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na Jidda. Ibn Battuta ya sauka a can a ƙarni na 14. Turkawa sun mallake shi a ƙarni na 16, a 1865 kuma suka miƙa shi ga Masar. Daga nan ayarin raƙuma kan tashi, su ratsa duwatsu da hamada zuwa Barbar a bakin Kogin Nilu, tafiyar kimanin mako biyu, su komo da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina, a wani zamani har da bayi. Ta nan ne kuma mahajjatan da suka fito daga yamma su ke tsallakawa zuwa Hijaz. Duk wanda ya dubi taswira a lokacin, ya san in dai za a haɗa Nilu da teku ta hanyar dogo, to Sawakin ce za ta zama tasha.

An kuwa gwada. Bayan da mutanen Mahadi suka ci Hartum suka kashe Gordon a Janairun 1885, gwamnatin Ingila ta sauke soja a Sawakin ƙarƙashin Janar Graham, ta ba wani kamfani mai suna Lucas and Aird kwangilar shimfiɗa dogo har Barbar. Jiragen ruwa suka yi ta sauke ƙarafa da katako da kawunan jirgi. Amma ƙasar da za a ratsa ta Beja ce, su Hadandawa da danginsu, shugaban yaƙinsu kuwa Usman Digna, wanda shi kansa ɗan kasuwar Sawakin ne kafin ya bi Mahadi. Leburori su shimfiɗa da rana, da dare a zo a kai musu hari a ƙone katakon. Ana cikin haka sai rigima ta taso tsakanin Ingila da Rasha a kan iyakar Afganistan, aka ga ana bukatar sojan a wani wuri. A watan Mayu na wannan shekara aka dakatar da aikin, bai kai ko mil 20 ba, bayan an kashe kusan fam miliyan ɗaya. Sauran kayan aka mai da su Ingila ba a ko kwance wasu ba. Da wannan layi ya kai Barbar, da wuya a ce an taɓa jin sunan Bur Sudan, domin wanda ya zuba dukiya haka a wuri ba ya saurin barinsa. Ashe nasarar da Usman Digna ya samu ita ce ta bar Sawakin ba dogo har shekara 19, a cikin waɗannan shekaru kuwa jiragen ruwa suka ƙara girma har suka fi ƙarfin mashiginta.

Dogon da ya fara shiga tsakiyar Sudan ta arewa ya bullo, kuma na yaƙi ne. A 1897 Kitchener ya sa aka ratsa hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, inda babu gari ko ƙauyen da za a ara wa suna, sai dai aka riƙa kiran tashoshin da lamba, ta ɗaya, ta biyu, har ta goma. Layin ya kai Atbara a 1898, shekarar da aka yi yaƙin Karari, ya kai gaɓar Hartum ta arewa a ƙarshen 1899. Injiniyan da ya shugabanci aikin hamadar wani saurayin hafsa ne ɗan Kanada, Percy Girouard. Shi ne wanda ya gaji Lugga a Nijeriya ta Arewa a 1907, aka kuma turo shi musamman domin dogon Baro zuwa Kano. Faɗin layin ma ɗaya ne a ƙasashen biyu, ƙafa 3 da inci 6.

Wannan hanya ta arewa ta isa yaƙi, amma ba ta isa ciniki ba. Kayan da aka sauke a Iskandariyya sai an ɗora su a jirgin ƙasa zuwa Aswan, a sauke a zuba a jirgin ruwa zuwa Wadi Halfa, a sake saukewa a ɗora a wani jirgin ƙasa. Kowace saukewa kuɗi ne da ɓarna da jinkiri. Kwal ɗin da kawunan jirgi ke ci shi ma ta nan ya ke biyowa, kafin ya iso Hartum tsadarsa ta ninka. Saboda haka a 1904 aka koma wa tsohuwar shawara, aka fara gina layi daga Atbara da kuma daga Sawakin, ɓangarorin biyu suka haɗu a watan Oktoban 1905.

A nan ne abin ya juya. Ana cikin aikin sai ma'aikatan Gwamna-Janar Wingate suka kawo rahoton cewa Sawakin ba ta da gaba. Mashiginta ƙunci gare shi, duwatsun ƙarƙashin ruwa sun kewaye shi, babban jirgi ba ya iya juyawa a ciki yadda ya kamata, tsibirin kuma ya cika da gidajen mutane, ba filin sito ko na kwastan. A arewa kuwa akwai wani mashigi mai zurfi, mai sauƙin shiga, wanda babu kome a bakinsa sai hubbaren wani waliyyi da matuƙan kwale-kwale ke kira Shaihu Bargut. (Bargut da Larabci ƙuma ke nan, ba mamaki da Turawa ba su bar wa garin sunan ba.) Sai aka yanke shawara a fid da reshe daga wani wuri da a ke kira Sallum zuwa wannan mashigi. Ba da jimawa ba reshen ya zama uwa, uwar ta koma reshe. Ƙarafan da aka gina layin da su kuwa a Sawakin aka sauke su, watau ita ta wasa wuƙar da aka yanka ta da ita. Lord Cromer ya zo daga Alkahira ya buɗe layin a sabuwar tashar a watan Janairun 1906, Khedive Abbas Hilmi na Masar kuma ya buɗe tashar jiragen ruwa a Afrilun 1909. Kuɗin aikin daga baitulmalin Masar aka ranto su, ga shi kuwa manufarsa ita ce a janye cinikin Sudan daga hanyar Masar. Misrawa sun lura da haka, sun kuma yi ƙorafi.

Sawakin ba ta mutu rana ɗaya ba. Attajiranta sun yi ta turjiya, ganin ga gidajen kakanninsu, ga masallatansu, ga kuma sabon garin ba inuwa ba ruwan kirki. Amma gwamnati ta kwashe ofisoshinta, manyan jiragen ruwa suka daina tsayawa, zuwa farkon shekarun 1920 manyan kamfanoni duk sun tashi. Ginin dutsen teku kuwa sai da kulawa, in ba a shafe shi da farar ƙasa a kai a kai ba, ruwa ya kan shiga ya ci shi. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Yawancin abin da ke cikinsa ya riga ya zama kufai.

Shi kuwa sabon garin, a takarda aka zana shi kafin a aza tubali. An raba filaye aji-aji: na farko sai mai ginin dutse, watau jami'an gwamnati da manyan 'yan kasuwa, na ƙarshe a yi da katako, leburori kuma aka tura su unguwannin bayan gari da a ke kira daim. Wanda ya san yadda aka tsara bariki da sabon gari a ƙasar nan ba zai rasa gane wannan tsari ba. 'Yan dakon tashar jiragen ruwa da fari daga Yaman da Masar a ke kawo yawancinsu, daga baya Beja, masu ƙasar, suka gangaro daga duwatsu suka cika wurin, amma a matsayin 'yan dako suka shigo garin da aka gina a ƙasarsu. Ruwan sha ya daɗe yana damun garin, sai a shekarun 1920 aka jawo shi da bututu daga wani kwari da a ke kira Arba'at.

Tashar jirgin ƙasa ita ce uwar garin, domin Hukumar Reluwe, wadda hedkwatarta ke Atbara, ita ke riƙe da tashar jiragen ruwan ma, da babban masaukin baƙi, har zuwa 1974 da aka kafa wa tashoshin ruwa hukumarsu. Layukan kaya sun miƙe har bakin inda jirgin ruwa ke tsayawa, a sauke daga tarago a zuba a cikinsa. Daga tashar zuwa Hartum kilomita 787 ne, layi ɗaya tak. Da jirgi ya bar gaɓar teku sai ya fara hawan duwatsu, ya wuce Jabait da Sinkat, har ya kai wata tasha da a ke kira Samit, kimanin ƙafa 3,000 bisa teku, sa'an nan ya gangara zuwa Haya da Atbara. Ƙasa ce busasshiya, amma ran da aka yi ruwa a kan duwatsun, kwaruruka su kan ciko su kwashe dogon.

Abin da ya cika tarago shi ne auduga. Dogo ya kai Sinnar, ya tsallake Farin Nilu a Kosti, ya isa Ubayyid, babbar kasuwar ƙaro, a ƙarshen 1911. A 1924 aka fid da layi daga Haya zuwa Kasala saboda audugar kwarin Gash, zuwa 1929 aka ƙarasa shi ta Gadarif har Sinnar. A 1925 kuma aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin Jazira da kadada 300,000 irin ta Masar. Duk wannan saƙa ta dogo bakinta guda ne, Bur Sudan, daga can kuwa sai masaƙun Lankasha a Ingila. Auduga da ƙaro da riɗi da fatu su fita, sukari da shayi da yadi da kwal su shigo. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, sa'ad da Italiya ta kama Kasala a 1940, ta wannan tasha aka shigo da yawancin soja da kayan da aka yaƙe ta da su a Eritiriya.

Akwai wasu fasinjoji da masu zana layin ba don su suka zana ba, su ne mahajjatan Afirka ta Yamma, waɗanda a Sudan a ke kira Takari ko Fallata, akasarinsu Hausawa da Fulani da Barebari. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a wajejen 1906, watau lokacin da a ke buɗe tashar da a ke magana a kanta. Garin da suka kafa har yanzu Mai Wurno a ke kiransa. Bayansu dubban mutane suka biyo, ta Maiduguri da Fort Lamy da Abashe da Jinaina da Fashir, a ƙasa ko bisa jaki, daga baya a kan manyan motoci, har su iske kan dogo a Ubayyid. Bayan 1959 kan dogon ya matso Niyala. Masu hali daban. Sarkin Katsina Dikko a 1921 ta jirgin ruwa ya bi, har ya biya ta Ingila. Talaka kuwa hanyar gabas ita ce tasa.

Sai a duba abin da jirgin ƙasa ya yi wa wannan tafiya. Ya gajarta ta, ba shakka, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Amma ya canja irin guzurin da a ke bukata. Mai tafiya a ƙasa ƙafarsa da haƙurinsa su ne jarinsa, ya ci a gidan da ya sauka, ya yi ƙodago ko ya koyar da yara karatu ya wuce. Jirgin ƙasa ba ya karɓar wannan. Sai da kuɗin tikiti, sa'an nan a bakin teku ga takardar izni, ga lamba da allurar rigakafi, ga kuɗin wurin killace mahajjata, ga kuɗin jirgin ruwa zuwa da dawowa. Ina za a samo su? A gonakin Jazira, inda a ke neman masu cirar ciyawa da tsinkar auduga ido rufe. Ta haka alhaji ya zama lebura, shekara ta zama biyar, biyar ta zama ashirin, aka yi aure aka haifu. Audugar da ya tsinka ta kan riga shi isa Bur Sudan da shekaru. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 a kan zuriyar waɗannan mutane, waɗanda an haife su a Jazira, an haifi iyayensu a can, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. Waɗanda suka gaza biya kuwa wasunsu su kan zagaye hukuma, su hau ƙananan jiragen iska da a ke kira sambuk cikin dare, da abin da ke cikin haka na hadari.

Wurin killace mahajjatan a Sawakin aka bar shi. Saboda haka reshen dogon da ke zuwa can, bayan kayan ciniki sun ƙaurace masa, da mahajjata ya ci gaba da numfashi na wani lokaci, su sauka a gefen kufan benaye su jira jirgin Jidda. Da jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, wannan hanya ita ma ta fara ja da baya.

Sudan ta sami 'yancin kai a 1956, reluwe na kan ganiyarta, ƙungiyar ma'aikatanta kuma, wadda ta samo asali a Atbara a 1946, ita ce mafi ƙarfi a ƙasar. Wannan ƙarfi ya zame mata alhaki. Gwamnatin da abincinta da manta da kuɗin shigarta duk ke bi ta layi ɗaya, layin kuma yana hannun ƙungiyar da ke iya tsai da shi, ba za ta yi barci ba. A 1977 aka gama bututun mai daga Bur Sudan zuwa Hartum, a 1980 aka gama titin mota ta Kasala da Gadarif, mai tsawon kusan kilomita 1,200. A 1981 ma'aikatan reluwe suka yi yajin aiki, Shugaba Numairi ya murƙushe shi ya rushe ƙungiyar. Ba za a ce siyasa kaɗai ce ta kayar da reluwe ba. Akwai rashin kayan gyara, da tsufan dogo, da sakacin gudanarwa. Amma kaya sun bar tarago sun koma bayan tirela, ko da ya ke hanyar motar ta fi ta dogo nisa da kilomita 400.

Ranar biyan bashin wannan sakaci ta zo a yunwar 1984 da 1985. Dawar agaji ta iso Bur Sudan daga Amurka jirgi bayan jirgi, ta taru a sito, mutanen da a ke nufi da ita kuwa suna Kurdufan da Darfur. An tsara jirgin ƙasa ya kai ta Niyala kafin damina ta rufe hanyoyin mota. Ba a sami isassun kawunan jirgi masu lafiya ba, abin da ya isa bai kai kusa da abin da aka tsara ba, da ruwa ya sauka kuma ya yanke layin. Sai aka koma ga motoci da jiragen sama, a makare, da tsada. Mutane da yawa sun mutu alhali abincinsu yana cikin ƙasar. Bayan juyin mulkin 1989 aka sallami dubban ma'aikatan reluwe, takunkumin Amurka na 1997 kuma ya toshe hanyar sayen kayan gyaran kawunan jirgi ƙirar can. Garin Bur Sudan ya ci gaba da girma, da titi da man fetur da aka fara fitarwa ta kusa da shi a 1999, ita kuwa tashar da ta haife shi ta zama wurin da jirgin fasinja ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ita ma Sawakin ta ɗan farfaɗo, an buɗe mata sabuwar tashar jiragen ruwa a 1991, mai jigilar fasinja da dabbobi zuwa Jidda, aka sa mata sunan Usman Digna.

Abin da bai canja ba shi ne, ƙofar ƙasar guda ce, kuma a ƙasar Beja ta ke. A watan Satumban 2021 wasu shugabanninsu suka rufe tashar jiragen ruwa da titi da dogo saboda ƙorafin an bar yankinsu a baya, cikin 'yan makonni burodi da mai suka yi wuya a Hartum. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da rundunar RSF a Afrilun 2023, gwamnati ta ƙaura zuwa Bur Sudan, dubban mutane suka yi tururuwa can a motoci suna neman jirgin Jidda, ta filin jirgin saman garin kuma aka kwaso wasu daga cikin ɗaliban Nijeriya. A ƙarshen 2024, yaƙin na ci, kuɗin mota ya fi ƙarfin mutane, sai Hukumar Reluwe ta mai da jirgin fasinja tsakanin Bur Sudan da Atbara, tafiyar kimanin awa 12, ta Sinkat da Samit da Haya, hanyar da aka buɗe a 1906.